Jikina Ya Ba Ni: Abin da Kaza, Akuya da Saniya Suke Koya Mana

   Kusan kowa a nan yana da kaza ko akuya a gida, waɗansu suna da shanun noma, waɗansu kuma suna kiwon alade. A kan waɗannan dabbobi za mu yi magana yau. Amma tun da wuri bari mu gaya muku cewa maganar za ta kai mu ga jariran da muke goyo a bayanmu.

Bari mu fara da kaza, tun da ita ce kowa ya sani. Sagara ta fara ƙwai, ta tara goma ko goma sha biyu, sai wata rana ka ga ta kwanta a kai ta ƙi tashi. Ba ta je makaranta ba, kuma babu malamin gona da ya taɓa zama da ita. Duk da haka za ta yi kwana 21 a kan ƙwan nan. Gashin ƙirjinta yakan ragu domin fatarta ta taɓa ƙwan, ɗumin jikinta ya shige shi. Tana juya ƙwan da bakinta sau da yawa a yini, domin in ba a juya ba tsakon yakan manne a gefe guda ya mutu. Takan tashi na ɗan lokaci ne kawai, ta ci, ta sha, ta koma kafin ƙwan ya huce. Saura kwana ɗaya ko biyu a ƙyanƙyashe, 'yan tsakin sukan fara kuka tun suna cikin ƙwai, ita kuma tana amsa musu. Wato kafin su ga hasken rana sun riga sun ji muryar uwarsu.

Bayan ƙyanƙyasa kuwa, kazar da jiya yaro yake kora da kara, yau ita ce take tasar wa kare. Ku saurare ta da kyau wata rana. Kukan da take yi in ta sami tsaba dabam, wanda take yi in ta ga kare ko maciji dabam, wanda take yi in inuwar shirwa ta gifta dabam. Da ta yi na shirwa, kafin ka ƙifta ido 'yan tsakin sun ɓace, waɗansu ƙarƙashin fikafikanta, waɗansu ƙarƙashin rumbu. Shi ya sa iyayenmu suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Wannan sani da ba a koya ba, da shi aka halicce ta.

Awoyin farko na akuya da tunkiya

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki wata biyar, wajen kwana 150. In haihuwa ta matso, za ku ga uwar ta ware daga sauran, tana neman lungu, tana tonon ƙasa da ƙafa, tana kwanciya tana tashi. Da ɗan ya faɗo sai ta juya ta hau lasarsa, tana wani ƙaramin kuka a maƙogwaro wanda ba ta yinsa sai ga ɗanta. Lasar nan tana share masa hanci da baki, tana busar da shi kada sanyi ya kama shi, tana kuma zuga shi ya miƙe ya nemi nono. Akwai aiki na huɗu da ido ba ya gani. A lokacin ne uwar take haddace ƙanshin ɗanta.

Masu binciken dabbobi a Faransa da Ingila sun daɗe suna nazarin wannan a kan tumaki. Sun gano cewa tunkiyar da ba ta da ciki ƙyamar ruwan haihuwa take yi, ko an zuba mata a abinci sai ta kauce. Amma da naƙuda ta zo, ruwan nan ne abin da ta fi so ta lasa. Fitowar ɗan ta hanyar haihuwa tana sa ƙwaƙwalwar uwar ta saki wani sinadari da ake kira oksitosin. Wannan sinadari ne yake matse mahaifa, shi ne yake sauko da nono, shi ne kuma yake juya hankalin uwa zuwa ga ɗanta. Matan da suka haihu a asibiti sun san allurar da ake yi musu da zarar jariri ya fito domin tsayar da jini. To, sinadarin nan ne a cikin allurar. Jikin tunkiya yana yinsa, jikin mace ma yana yinsa.

Sai dai ƙofar nan ba ta daɗewa a buɗe. Cikin 'yan awoyin farko tunkiya take gama sanin ɗanta, daga nan duk ɗan da ba shi da wannan ƙanshi ya matso hantsarta, tunkuyi zai sha. Wani masani a Amurka mai suna Peter Klopfer ya gwada wannan da awaki a shekarun 1960. Akuyar da aka bar ta da ɗanta na minti biyar kawai bayan haihuwa, in an raba su na wasu awoyi aka dawo da shi, sai ta karɓe shi. Wadda kuwa aka ɗauke mata shi nan take, sau da yawa sai ta ƙi shi.

Yanzu ku tuna abin da yakan faru a gidajenmu. Akuya ta haihu, yara sun taru suna ihu, wannan ya ɗauki ɗan ya kai wa kaka ta gani, wancan ya goge shi da tsumma, kare yana zagayawa. Bayan awa biyu a dawo da shi, uwar ta shinshina ta juya baya. Sai mu ce wannan akuya muguwa ce, a kai ta kasuwa. Alhali mu ne muka shiga tsakani. Abin da take bukata a wurinmu kaɗan ne: busasshen lungu marar hayaniya, da ruwan sha kusa da ita. In ɗan ya fito da yana a fuska, ka share masa hanci da baki, ka ajiye shi a gaban uwar, ka ja da baya. A kuma lura, ɗabi'ar akuya ce ta ɓoye 'ya'yanta a kwanakin farko ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana ba su nono. Ɗan tunkiya shi ne mai bin uwarsa tun ranar farko. Don haka in kun ga ɗan akuya kwance shi kaɗai a bayan rumbu, cikinsa a cike, ba yasar da shi aka yi ba. A hana yara ɗaukarsa.

Makiyaya sun san zancen ƙanshin nan tun kafin masu bincike. In tunkiya ta mutu ta bar ɗa, aka yi sa'a wata ta haihu a ranar, sai a shafe marayan da ruwan haihuwarta a haɗa shi da nata. A Ingila masu tumaki sukan feɗe ɗan da ya mutu su sa wa maraya fatar kamar riga, uwar ta shinshina ta karɓa. Shanunmu masu tozo kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa ruga da safe ya ga yadda ake yi: sai an saki maraƙi ya fara tsotsa, nono ya sauko, sa'an nan a janye shi a ɗaure kusa da uwar a tatsa. In babu maraƙin a gabanta sai ta riƙe nonon, ko da hantsar a cike take.

Masu alade ma kada su ce an manta da su. Cikin alade kwana 114 ne, wata uku da mako uku da kwana uku. Saura kamar yini guda ta haihu, za ku ga tana kwasar ciyawa da bakinta tana tarawa a lungu. Sheƙa take yi wa 'ya'yanta. In kun kulle ta a kan siminti babu ko tsinke, haka za ta yi ta tonon ƙasa tana cizon ƙofa, ta shiga haihuwa a gajiye da ɓacin rai. Dami ɗaya na busasshiyar ciyawa ya isa ya kwantar mata da hankali.

Dakashi

Ga inda muke so ku buɗe kunne sosai. Nonon farko da dabba take fitarwa, mai kauri, mai launin rawaya, shi ne dakashi. A jikin saniya da akuya da tunkiya da alade, mahaifa ba ta barin garkuwar jikin uwa ta wuce zuwa ga ɗan da ke ciki. Saboda haka maraƙi yana faɗowa duniya ne ba shi da kariya daga cuta. Duk kariyar tana cikin dakashi. A awoyin farko hanjinsa yana iya shanye wannan garkuwa ta shiga jininsa. Kowace awa da ta wuce hanyar tana ƙara tsukewa, kafin awa 24 ta kusan rufewa gaba ɗaya. Ɗan akuyar da bai sha dakashi a ranar farko ba, shi ne za ku ga ya kama zawo cikin mako guda ko biyu ya mutu, mu ce iska ce. Ma'aikatan dabbobi suna cewa ya sha aƙalla kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa a ranar farko, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfani. In ɗan ba shi da ƙarfin miƙewa, a riƙe uwar a kai bakinsa, ko a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan.

Babu mai hankalin da zai tatse dakashin saniyarsa ya zubar, ya ba maraƙi ruwa har kwana uku. To, me ya sa a wasu gidajenmu ake yi wa ɗan mutum haka? An ce nonon farko ƙazanta ne, sai an wanke nono tukuna. A wasu wurare har gwada shi ake yi, a tatsa a sa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mai guba ne. Tururuwar nan nutsewa ta yi a abu mai kauri, ko a zuma kuka sa ta haka za ta yi. Kafin a gama wannan, an ɗura wa jariri ruwa, ko jiƙo, ko nonon dabba, da cokalin da ƙuda ya hau.

Gaskiya ne ɗan mutum ya fi maraƙi sa'a, domin shi yana samun wani kaso na garkuwar uwarsa tun yana ciki. Amma dakashi ne yake shafe masa hanji ya tare ƙwayoyin cutar da za su shiga ta baki, shi ne kuma yake taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Kada ƙarancinsa ya dame ku. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, kuma tsotsar da yake yi ita ce take kiran nono mai yawa. A yankin Kintampo na ƙasar Ghana an bi jarirai fiye da 10,000, aka buga sakamakon a shekarar 2006. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da za a sa kowane jariri a nono cikin awar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen jarirai na watan farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a fara shayarwa cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata shida. Ko a bazara ba ya bukatar ruwa, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne.

Ku tambayi kowace mace a nan abin da ta fi so a minti na farko bayan ta ji kukan jaririnta. Za ta ce a miƙo mata shi. Abin da jikinta ya ba ta ke nan, kuma daidai ne. Al'ada ce take cewa a ɗauke shi a yi masa wanka tukuna. Jaririn da aka goge aka kwantar a ƙirjin uwarsa, fata da fata, aka lulluɓe su tare, ba ya yin sanyi, kuma sau da yawa da kansa yake laluben nono. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a shekarar 1978, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben da ake sa bakwaini. Sai ya sa iyaye mata su ɗaure jariran a ƙirjinsu dare da rana, kamar yadda kaza take rufe 'yan tsaki. Wannan dabara ta bazu a duniya, har a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yi wa bakwaini haka tun daga haihuwa.

In uwa ta ce yaron nan ba daidai yake ba

Muna da wata magana da muke yi, mu ce "jikina ya ba ni." Sau nawa mace ta tashi da tsakar dare, babu wanda ya tashe ta, ta taɓa yaro ta ji ya yi zafi? Sau nawa uwa ta ce yaron nan ba daidai yake ba, kowa ya duba ya ce ai lafiyarsa ƙalau, haƙori ne, kafin gari ya waye ya fara jijjiga?

Mu a ganinmu babu abin tsafi a cikin wannan. Wadda take goyon yaro tun safe har dare ta san nauyinsa a bayanta, ta san ƙarfin tsotsarsa, ta san kukansa na yunwa da na barci da na rigima. In abu ɗaya ya sauya, jikinta yana ganewa kafin bakinta ya sami kalmar da zai faɗa. Haka makiyayi yake kallon garke ya ce waccan saniyar ba ta da lafiya, kai kuwa ba ka ga komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Likitoci ma sun auna wannan. A ƙasar Beljiyam an duba yara marasa lafiya kusan 4,000 da aka kawo wa likitoci, aka buga sakamakon a shekarar 2007. Cikin alamun da suka fi nuna cewa ciwon mai tsanani ne, har da maganar iyaye cewa wannan ciwo ya bambanta da waɗanda yaron ya saba yi, da kuma jin da likitan kansa ya ji a ransa cewa akwai matsala. A Ingila kuma, a shekarar 2021, wata yarinya 'yar shekara 13 ta rasu a asibiti bayan iyayenta sun yi ta cewa jikinta yana ƙara tsanani ba a ɗauki maganarsu ba. Daga 2024 asibitocin ƙasar suka fara wani tsari mai sunan yarinyar, Martha, wanda ya ba iyali ikon kiran wasu likitoci dabam su zo su sake duba majinyaci in hankalinsu bai kwanta ba. In ƙasar da take da injuna iri-iri ta ga dole ta saurari uwa, ina ga mu da asibiti yake da nisa?

Abin baƙin ciki shi ne, a wurinmu uwar takan ji abin a jikinta, sa'an nan ta haɗiye. Amarya ce mai ɗan fari, tana jin kunyar surukai, kada a ce ta cika rawar kai a kan ɗa. Ko ta faɗa wa maigida ya ce a bari sai ranar kasuwa in an sayar da masara. Ko uwar miji ta ce ta goyi tara ba ta taɓa kai ko ɗaya asibiti saboda zazzaɓi ba. Iyayenmu mata, muna girmama abin da kuka sani, kuma muna bukatarsa. Amma yarinyar nan ita ce take kwana da jaririn. In ta ce yau bai kama nono kamar jiya ba, ku ce mata, "'Yata, ɗauko shi mu tafi," ku ne ma za ku fi saurin shawo kan ɗanku ya fito da kuɗin babur. Ku kuma maza, in matarka ta tashe ka ƙarfe biyu na dare, kada ka ce mata ta cika tsoro. In kun je aka ce ba komai, kuɗin mai kawai ka yi asara.

Kuma kada maza su ɗauka wannan baiwa ta mata ce kaɗai. A shekarar 2013 an buga wani gwaji da aka yi da iyaye a Faransa da Kongo, aka sa musu kukan jarirai dabam-dabam su nuna na nasu. Uban da yake zama da jaririnsa aƙalla awa huɗu a rana ya gane kukan ɗansa daidai da uwar. Wanda ba ya zama ne bai kai uwar ganewa ba. Ashe abin yana ƙaruwa ne da zama kusa. Kakar da take reno, da yayar da take goyo, da matar da ta ɗauki maraya, duk suna samunsa.

Inda kaza take kuskure

Kada mu tashi daga nan da tunanin cewa duk abin da zuciya ta raya gaskiya ne. Mu koma wurin kaza. Da yake zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, mukan sa wa kaza ƙwan zabi, ta kwanta a kai wajen kwana 28, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da su ba ta san ba nata ba ne. In ƙwan agwagwa aka sa mata, ranar da 'ya'yan suka ga tafki suka faɗa, za ka ga tana kai da kawowa a bakin ruwa kamar za ta mutu, su kuwa suna jin daɗinsu. Tsoronta na gaske ne, amma babu hatsarin. An taɓa yin wani gwaji a Jamus, aka kife tsako da ƙwaryar gilashi yadda uwar tana ganinsa yana fafutuka amma ba ta jin kukansa. Ko kulawa ba ta yi ba. Da aka ɓoye shi inda take jin kukan ba ta ganinsa, sai ta taho a guje. Wato akwai hatsarin da take gani ƙuru-ƙuru amma jikinta bai ba ta ba.

Mu ma haka muke. Abin da jiki yake iya gaya mana shi ne akwai matsala, a tashi. Ba ya iya gaya mana sunan ciwon, balle maganinsa. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da sanƙarau duk suna iya farawa da zafin jiki, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sai an gwada jini, an duba ƙirji. Uwar da ta ji a jikinta, ta tsaya a shagon magani ta ce a haɗa mata na naira kaza, ta yi rabin tafiya ne ta tsaya.

Akwai kuma wani "jikina ya ba ni" da ya raba gidaje da yawa. Yaro ya kwanta, sai a ce jikina ya ba ni wance ce ta kama shi, tun ranar da ta yaba shi bai ƙara lafiya ba. Wannan zargi ne da tsoro ya haifa. Uwa ta san ɗanta domin tana tare da shi dare da rana, amma ba ta cikin zuciyar maƙwabciyarta. Kwanakin da ake ɓatawa ana neman wanda za a ɗora wa laifi, a cikinsu ne ciwon yake cin yaron, kuma sau da yawa wata tsohuwa marar gata ce take kwana a ciki.

Domin akwai hatsarin da jiki ba ya faɗa, ga alamun da ba a jira a kansu, ko hankalinku a kwance yake. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya daina kama nono, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi rawaya, a tafi asibiti a lokacin. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: in ya kai 60 ko fiye, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sosai in ya ja numfashi, a tafi. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya iyakar 50 ce, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba a iya tashe shi sosai, shi ma haka. In kun isa, kada ki ce "ba shi da lafiya" kawai ki yi shiru. Ki ce, "Malama, ya saba zazzaɓi, amma wannan ba irin wanda ya saba ba ne. Tun jiya sau biyu kawai ya sha nono." In an sallame ku kin dawo gida kin ga abin yana ƙaruwa, ki koma, ko da a ranar ne.

Wadda ba ta ji komai ba

Saura magana ɗaya, kuma ba a cika yinta a fili ba. Masu tumaki sun san tunkiyar da ta yi haihuwar fari, musamman in ta sha wuya ko tana da rama, wani lokaci takan tsaya tana kallon ɗan kamar ba ta san daga ina ya fito ba, har ta guje shi. Mai kiwo mai hankali ba ya dukanta. Yakan haɗa su a ƙaramin wuri su biyu, ya ba ta abinci da ruwa, ya riƙe ta ɗan ya sha, safe da rana da yamma. Sau da yawa kafin kwana uku ko huɗu sai ka ji ta fara yi masa kukan nan na maƙogwaro. A haihuwa ta biyu kuwa ba ta bukatar kowa.

A cikinmu ma akwai matan da suka haihu, aka miƙa musu jariri, ba su ji wannan ƙauna da ake ta faɗa ba. Gajiya kawai suka ji, ko tsoro. Ga yawancinsu abin yana zuwa a hankali, cikin shayarwa da goyo. Amma akwai wadda makonni za su wuce tana kuka ba dalili, ba ta barci ko jaririn ya yi barci, ba ta son abinci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. Wannan ciwo ne da yake bin haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan damuwa bayan ta haihu. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin bangaskiya ba ne, kuma ana warkewa. Matan zumunta, in kun je barka kada ku tsaya ga jaririn kaɗai. Ku dubi fuskar mai jegon, ku tambaye ta ko tana barci. Wata ta ɗebo mata ruwa, wata ta riƙe jaririn ta sami awa biyu ta kwanta. In abin ya wuce mako biyu, a raka ta wurin ma'aikaciyar lafiya. In kuwa ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta a ranar.

Masu tambaya a kan akuyar da ta ƙi ɗanta, ko yadda ake ba ɗan da ba shi da ƙarfi dakashi ba tare da ya shaƙe ba, su ɗan tsaya bayan an tashi. Iyaye mata masu jarirai kuma, akwai agogo a nan, ku matso mu ƙirga numfashi tare, kowace ta gwada a kan nata.